Ba injin ne ke mutuwa ba

Duk ranar 29 ga Oktoba sai na ga ana ta saka hoton marigayi Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido, wanda ya rasu a 2006 a jirgin ADC da ya taso daga Abuja zuwa Sakkwato. Mutum 96 na cikin jirgin suka riga mu gidan gaskiya. Allah Ya jiƙansu da rahama. Bana ma na ga wasu na cewa wai "injin ne ya mutu". Tunda na fara koyon tuƙin jirgi a Kwalejin Jiragen Sama ta Zariya, wannan maganar ta daina wuce ni haka nan.

Akwai abin da muke ce wa sitol. Ba ruwansa da inji. In kana mota kan hanyar Sakkwato zuwa Goronyo, fito da tafin hannunka ta taga ka ɗan karkata shi sama, za ka ji iska ta ɗaga shi. Ƙara karkatawa sosai, sai ɗagawar ta ɓace, iska ta koma tura hannun baya kawai. To haka fiffike yake. Da kusurwarsa da iska ta haura digiri 15 zuwa 16, ya daina ɗaukar jirgi, ko da injin na ruri.

Malaminmu yakan hau da ni sama da ƙafa 3,000, ya rage wuta, ya ce in riƙa jan sitiyari a hankali. Gudu na raguwa, sitiyari ya yi laushi a hannu, ƙararrawa ta fara kuka, jirgi ya soma karkarwa kamar mai masassara. Sai hanci ya faɗa. Wallahi a wannan daƙiƙar cikinka ma sama yake yi, kuma duk gaɓoɓinka cewa suke ka ja baya. Maganin kuwa akasin haka ne: ka tura hanci ƙasa, wajen da kake tsoro, ka ba da wuta, ka daidaita fikafikai, gudu ya dawo, sannan ka ɗago sannu. Mun maimaita har na daina ƙirgawa, don so ake hannu ya iya tun kafin tsoro ya yi magana.

Masu bincike sun ce jirgin ADC ya tashi ne cikin hadari, ya gamu da iska mai juyawa kwatsam, aka ɗaga hancinsa fiye da kima, ya shiga sitol dab da ƙasa. Babu sauran tazarar da za a gyara. Jirgin Air France ma, da ya faɗa tekun Atilantika a 2009 da mutum 228, injinansa na aiki har ya taɓa ruwa, mataimakin matuƙi yana jan sanda baya kusan duk tsawon faɗuwar.

Da na je gida Giyawa hutu, Kawu ya ce, "Kai yaro, mi ka sa mutum ya kada jirgi da gangan?" Na ce, Kawu, gara in gamu da shi can sama da malami a gefena. Ya yi shiru, ya ce ajali dai ba ya wuce lokacinsa. Na ce haka ne, Kawu. Litinin da ta biyo na koma Zariya, darasin sitol cikin kwana ke jirana.