Mu Masu Tsayawa a Baya

Idan aka kafa fagen wasa, makaɗa suka jeru, idon jama'a wuri ɗaya yake zuwa, wato kan mai riƙe da makirufo. Shi ake rangaɗa wa guɗa, shi ake manna wa kuɗi a goshi, gobe kuma sunansa ne zai zagaya gari. Amma da mai kallo zai ɗan ɗaga kai ya duba can baya, kusa da lasifika, zai hango wani mutum a tsaye ya rataya wata doguwar jita, kansa a sunkuye, ba ya rawa ba ya tsalle, yatsu biyu kawai yake motsawa. Wannan shi ne mai kaɗa bes. Na yi shekara 16 ina wannan tsayuwa, daga 1983 zuwa 1999, ranakun Asabar da lokutan hutu, sauran kwanaki kuwa alli ne a hannuna a makarantar firamare. Littattafanmu sun cika da labarin mawaƙa, shi ya sa na ga ya dace in ba 'yan'uwana marubuta labarin mu da muke bayansu.

Ita dai jitar bes tsirkiya huɗu gare ta, dukkansu na ƙarfe, babbar cikinsu ta fi tsinken ashana kauri. Wani Ba'amurke ne mai suna Leo Fender ya fito da irinta da ta bazu a duniya a 1951. Muryarta ƙasa-ƙasa take, domin babbar tsirkiyar nan sau 41 kawai take kaɗawa a daƙiƙa guda, don haka mutum ya fi jin ta a ƙirji fiye da a kunne. In ba a jona ta da amfilifaya ba kuwa, ko wanda yake zaune kusa da kai da ƙyar zai san kana taɓa wani abu. Aikinta shi ne ta ɗaure ganga da waƙa wuri guda. Mai ganga yana ba da taki, mawaƙi yana hawa yana sauka, mai bes kuwa yana tsakaninsu, yana takawa tare da ganga, yana kuma nuna wa mawaƙi inda muryarsa za ta sauka.

Yadda ta zo hannuna kuwa, tsautsayin wani ne ya zama rabona. A watan Janairu na 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta ba baƙin da ba su da takardu wa'adin mako biyu su bar ƙasa, mafi yawansu mutanen Gana. Da yawa daga cikin makaɗan otal-otal na Sabon Garin Kano 'yan can ne. Akwai wani daga cikinsu da nakan je wurinsa tun ina kwalejin horon malamai yana nuna mini yadda ake ɗora yatsa. Ranar da zai tafi ya sayar mini da jitarsa da ƙaramar amfilifayarsa a kan kuɗin da bai kai albashina na wata guda ba. Ya ce mini mota ba za ta ɗauke shi da ita ba, kuma gara ta zauna a hannun wanda zai kaɗa ta. Daga ranar ban sake jin ɗuriyarsa ba.

Da na kai ta gida Toranke, a cikin buhu na shigar da ita, na tura ƙarƙashin gado. Mahaifina bai ce uffan ba, amma ya yi kwana uku yana amsa gaisuwata da ka kawai. Kakata ce, Allah ya jiƙanta, ta sa aka fito da ita. Ba mu da lantarki a gidan, sai na ce ta kanga kunnenta a jikin katakon, na taɓa babbar tsirkiya. Ta yi shiru, can ta ɗago ta ce, "Kai mai gidan, ashe wannan ne abin da ake ta ɓoyo? Ai kiɗan ruwa ne." Tana nufin ƙwaryar nan da mata suke kifawa a cikin masaki cike da ruwa a gidan biki, wadda take ba da amo mai zurfi a ƙarƙashin sauran ƙore. Ta ƙara da cewa ko a lugude, in mata uku suna daka a turmi ɗaya, akwai mai babbar taɓarya wadda sauran suke bin saukarta. Duk karatun da na yi daga baya bai ba ni bayanin bes da ya kai wannan ba.

Mu shida ne a ƙungiyarmu, kuma babu wanda kiɗa ne abincinsa. Mawaƙinmu tela ne, mai ganguna bakanike, mai ƙaramar jita akawu, mai kalangu mahauci, mai ƙaho tsohon ɗan badujalar 'yan sanda, sai ni. A lokacin duk mai irin wannan ƙungiya Bala Miller yake kallo, wanda ya kafa tasa a Kaduna a 1977, yana waƙa da Hausa a kan jita da ƙaho, ana nuna shi a talabijin. Mu ma haka muke so mu zama, amma fagenmu bai wuce bikin aure, da walimar ƙarin girma, da bikin yaye ɗalibai, da wasan Sallah ba, daga Wudil zuwa Gaya, wani lokaci har Dutse. A a-kori-kura muke tafiya. Mawaƙi yana gaba kusa da direba don kada iska ta taɓa masa murya, mu kuwa muna baya tare da kaya, amfilifaya a kan cinyata, ina tare ta kamar jinjiri duk lokacin da muka faɗa rami.

Wahalar bes ta yau da kullum ba ta fitowa a fage. Tsirkiyarta tana da tsada, kuma sai an je Kano ake samu, wani lokacin ma sai an yi saƙo Legas. In ta dusashe saboda gumi da ƙura, sai in kwance ta in dafa a tukunya kamar taliya, in shanya, in mayar, ta ƙara yi mini wata guda. Matata ta ware mini tukunya ta musamman saboda wannan. Da hunturu katakon wuyanta yakan bushe ya ɗan lanƙwashe, da damina ya kumbura, kowane lokaci sai an sake saiti. Yatsuna biyu na dama sun yi kanta har alli ba ya zama daidai a tsakaninsu. Ga kuma janareta, wanda shi ne sarkin wasa na gaskiya: in ya yi tari duk mu yi tari, in man ya ƙare a tsakiyar waƙa, sai mai kalangu da mai ƙaho su ci gaba, mu masu waya mu tsaya riƙe da katako.

In an tashi sai rabo. Duk abin da aka liƙa wa mawaƙi ana tattarawa a hula, a cire kuɗin mota da na mai, a raba saura gida biyu, ya ɗauki rabi, mu biyar mu raba rabi. Bahaushe ya ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Akwai daren da kasona bai sayi sabulun wanke rigar da na yi wasa da ita ba. Ban taɓa riƙe mawaƙinmu a zuci ba, domin shi ma gobe da sassafe yana kan keken ɗinki, kuma don shi aka gayyace mu. Abin da yake ɗan sosa rai shi ne mai biki ya zo sallama, ya bi kowa da hannu, ya iso kaina ya ce, "Kai kuma yaron kaya ne?"

Ranar da na san matsayina ita ce wani dare a Dutse, cikin shagulgulan da aka yi ta yi bayan an ƙirƙiro Jihar Jigawa a watan Agusta na 1991. Fili ya cika, rawa ta yi rawa, ƙura ta tashi, sai fis ɗin amfilifayata ya ƙone. Komai yana tafiya, ganguna suna bugawa, mawaƙi yana waƙarsa, bes kaɗai ta ɗauke. Ban fi ƙirga goma ba na ga ƙafafu sun fara rikicewa. Masu rawa suka shiga kallon juna, wasu suka koma gefe, mawaƙi ya nemi inda zai sauke murya ya rasa. Wani dattijo ya taso ya nufi mai ganguna yana faɗa, wai ya sassauta hannu. Babu mutum ɗaya da ya waiwayo inda nake durƙushe ina naɗa takardar sigari mai ƙyalli a jikin fis. Da ta kama, na taɓa tsirkiya, sai filin ya ɗauki sowa, aka ruga aka rufe mawaƙi da kuɗi. Na yi dariya har hawaye. Jama'a sun ji tafiyata sun ji dawowata, amma ba su san ni ne na tafi ba.

Rashin sani ma da sauƙi a kan sanin da ake yi mana a gida. A ƙasar Hausa kiɗa gado ne, wanda ya gada ana yi masa uzuri, wanda ya tsinta kuwa sai a ce ya lalace. Da na nemi aure a karon farko, magana ta yi nisa har an kai gaisuwa, sai baffan yarinyar ya aiko a tambayi mahaifina: malamin makaranta suka ba, ko maroƙi? Aka ce in zaɓa. Na ce ban taɓa roƙon kowa ba, ban sha abin maye ba, ban bar salla ta wuce ni a wurin wasa ba. Aka mayar mana da kayanmu. Mahaifina, wanda bai taɓa son jitar ba, shi ne ya ce da ni a zaure, "Ɗan nan, in ka san ba saɓo kake yi ba, ka riƙe mutuncinka, matar mutum kabarinsa." Bayan shekara biyu Allah ya haɗa ni da mai ware mini tukunya.

Abin da ya raba mu da fage kuwa fiyano ne. Cikin shekarun 1990 ƙananan fiyano na Yamaha suka shigo Kano, masu ɗauke da muryar ganga da sarewa da jita duk a cikinsu. Da finafinan Hausa suka kankama, musamman bayan Sangaya a 1999, kunnen jama'a ya koma can. Yaro ɗaya zai zo da fiyano a hammata, hannun dama yana waƙa, na hagu yana yin aikin da na yi shekara 16 ina koyo. Mai biki ya ga zai sallami mutum biyu maimakon shida, wa zai ga laifinsa? Da aka ƙaddamar da shari'a a Kano a 2000, wuraren wasan dare suka ƙara raguwa. Ba mu yi taron rabuwa ba. Gayyata ce ta yi ta ja baya, har wata rana muka lura shekara ta zagayo ba mu haɗu ba.

In kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, kuma yaran nan na sitidiyo suna da basira, ina sauraron su. Sai dai akwai abin da ya tafi tare da ƙungiya. Mutum shida a fage dole kowa ya saurari ɗan'uwansa. In mai ganguna ya gaji ya fara ja, ni zan ji kafin kowa, in ɗan matsa masa ba tare da na dube shi ba. In mawaƙi ya manta baiti, sai mu zagaya da shi sau biyu har ya tuno, jama'a su ɗauka salo ne. A nan na koyi rufa wa abokin aiki asiri, na koyi yin shiru a inda ƙarin amo zai ɓata abu, kuma na yi amfani da wannan a aji da cikin gidana. Na'ura ba ta gajiya, ba ta mantuwa, don haka mai ita ba ya samun wanda zai koya wa haƙuri ko ya koya daga gare shi.

To, 'yan'uwana marubuta, ga roƙona. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, kuma Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun kyauta da suka fitar da tarihinsa a 2006. Amma kowane babban mawaƙi da muke alfahari da shi yana da masu kalangu da 'yan amshi da suka yi shekaru a bayansa, haka Barmani Choge ta kasance tana da matan da suke riƙe mata ƙwarya. Irin waɗannan mutane suna nan a Gaya da Ajingi da kowane gari, sun tsufa, wasu suna gadi, wasu suna noma, kuma kowace shekara ana binne wasu da abin da suka sani. Ku ɗauki biro da takarda ku je ku same su. Ku tambaye su wa ya koya musu, nawa ake ba su, me aka ce da su ranar da suka je neman aure. Za ku samu labarin da ya fi wanda kuke ƙagowa a ɗaki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma in an ɗora ta an gama, mai ɗaki kaɗai ake yi wa barka.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, mu kuma ya sa mu cika da kyau.