Daƙiƙa biyar ga kowace fuska

Bayan sadakar arba'in ta Baba, na tattara hotunansa na jera su a PowerPoint: ga shi yana saurayi a kasuwar Nima, ga shi ranar da ya dawo daga Makka, ga shi da jikoki a ƙofar gidanmu na Maamobi. Sai dai Mma ba ta da kwamfuta. Abin da take da shi tsohuwar na'urar DVD ce a ƙarƙashin talabijin, lulluɓe da mayafi saboda ƙura.

Dole na mayar da jerin zuwa bidiyo. Tun fitowar PowerPoint na 2010 ana iya yin haka kai tsaye, amma tsohuwar na'ura ba ta karanta fayil ɗin sai an sake juya shi zuwa MPEG-2, a tsarin PAL da talabijin ɗin Ghana ke bi, sannan a ɗora a faifai. Na sayo faifan a unguwar Circle, mai cin gigabait 4.7, hotunan ko kwata ba su cika ba.

Inda na tsaya shi ne maganar lokaci. A kwamfuta hoto yana jira har ka danna. A faifai kuwa sai ka yanke masa wa'adi tun farko, manhajar kuma daƙiƙa biyar take bayarwa. Na kwana biyu ina ƙarawa ina ragewa. Hoton Makka na ba shi ashirin.

Da Mma ta kalla, ta ce, "Ɗan nan, mayar da na kasuwar, ya wuce da sauri." Na nuna mata maɓallin tsayarwa. Yanzu lambarsa ta goge saboda dannawa.