TARIHI BA HADDA BA NE: KIRA GA MALAMAN BOMO DA KEWAYE

An ɗebe shekaru sama da goma ba a koyar da Tarihi a matsayin darasi mai zaman kansa a makarantun firamare da ƙananan sakandare na ƙasar nan. Yanzu da aka dawo da shi, abin da ya rage shi ne mu tambayi kanmu yadda za a koyar da shi. Idan malam zai cika allo da sunayen Fir'aunoni da shekaru, yara su kwafa, su haddace, su juye ranar jarrabawa, to an yi ba a yi ba.

Ra'ayina shi ne, yaron Bomo ya fi saurin gane Masar da Babila idan aka faro masa daga abin da yake taɓawa kullum.

A ɗauki makarantar allo. Yaro ya san yadda ake kankaro baƙin gindin tukunya, a haɗa da ƙaro, a sami tawada. Ya san yadda ake feƙe alƙalami, a tsaga bakinsa don ya riƙe tawada. Ya san a rubuta, a biya, a wanke, a jingine allo ya bushe. To ɗaliban tsohuwar Masar ma da baƙin hayaƙi da ƙaro ake yi musu tawada, da tsinken ciyawar bakin kogi suke rubutu, kuma suna da allunan katako da suke gogewa su sake amfani da su. Na Mesofotamiya kuwa, wato Iraƙi ta yau, a kan ɗanyen yumɓu suke danna rubutu: malam ya yi nasa, ɗalibi ya kwaikwaya. Can ne rubutu ya bayyana shekara 5,000 da 'yan kai da suka wuce. Ka faɗa wa yaro wannan, za ka ga ya gyara zama, don ya gane cewa waɗancan ma yara ne kamarsa, masu tsoron bulala idan ba su iya karatu ba.

Ko a fita fadama. Kafin injin ban-ruwa ya zo, da jigo kakanninmu suke shayar da lambu: doguwar sanda a bisa gwafa, guga a gaba, nauyi a baya. Da irin wannan jigon manoman bakin Nilu suke ɗaga ruwa tun fiye da shekara 3,000. A kunya guda ma akwai darasin duniya. Masara, tumatir da barkono daga nahiyar Amurka suka zo. Mutanen Meziko ne suka fara noma masara kimanin shekara 9,000 da suka shige. Gero da dawa kuwa namu ne na Afirka, daga nan suka tsallaka har Indiya. Mun karɓa, mun kuma bayar. Agogon da ke bangon aji, minti 60 ɗin da ke cikin awa gadon mutanen Babila ne. Sifirin da yaro ke rubutawa a lissafi daga Indiya ya taso, ya bi ta hannun malaman Bagadaza irin su Alkhawarizmi a ƙarni na 9. Takardar littafinsa kuwa Sinawa ne suka ƙago ta kusan shekara 2,000 baya.

Sai namu na gida, wanda muka fi sakaci da shi. A shekarun 1970 masu binciken kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello sun tono wuraren narka tama a yammacin Samaru, waɗanda suka haura shekara 1,000. Wato a wannan ƙasar da muke noma, an yi mutanen da suka san dutsen da ke ɗauke da ƙarfe, suka san itacen da gawayinsa ke riƙe wuta, suka iya zuga har ƙarfe ya rabu da kashinsa. Wannan kimiyya ce, ko da ba su rubuta ta a littafi ba. A kudancin jihar nan, a garin Nok, aka fara cin karo da sassaƙen yumɓu a 1928, waɗanda suka wuce shekara 2,000. A Dufuna ta Jihar Yobe, a 1987, wani makiyayi yana haƙa rijiya ya ci karo da kwalekwale mai kimanin shekara 8,000, wanda ya girmi dalar Giza nesa ba kusa ba. Ga Kufena, ga Turunku, ga ganuwar Zazzau. Ga Masallacin Juma'a na cikin birni da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina da ƙasa a shekarun 1830.

Amma a yi hattara da ramuka biyu. Na farko, a nuna wa yaro cewa duk wani abin kirki daga waje ya zo, ya tashi yana raina kansa. Na biyu, a cika masa kai da cewa mu muka fi kowa, ya tashi da alfaharin da ba aiki a bayansa. Kwatanta rayuwar al'ummai ba gasa ba ce. Tambayoyin da suka dace su ne: me suke ci? Da me suke gini, kuma me ya sa? Yaya suka yi da fari ko ambaliya? Wa ya ɗauki dutse da ƙasa, wa sunansa ya shiga tarihi? Yaron da ya saba da irin waɗannan tambayoyi, gobe ba zai yi wa ɗan ajinsu na Sabon Gari dariya don abincinsu ko harshensu ya bambanta da nasa ba.

Wannan aiki ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Malam, ka ce kowane yaro ya tambayo kakarsa yadda ake kaɗi da saƙa, ya zo ya ba aji labari. Shugabannin makarantu, ku rubuta wa sashen nazarin kayan tarihi na jami'a takarda, ku nemi a bar yara su je su ga kayan da idonsu. Tafiyar ba ta da nisa. Ɗaliban Tarihi 'yan asalin yankin nan, ku ware awa ɗaya a mako ku koma firamarenku. Iyaye kuma, idan aka ce a kawo kuɗin mota don ziyarar Kufena, kada a ce yawon banza ne.

Duk wanda ya san malamin Tarihi a Bomo, Samaru ko Basawa, don Allah ya tura masa wannan. Allah Ya yi wa yaranmu albarka.