Jirgin Da Na Zaɓa

Jama'a, kada ku yi mamaki ku ga ɗalibin Sashen Hausa ya bar zancen karin magana da tsarin sauti, ya ɗauko labarin haƙar ma'adinai a sararin samaniya. Abu ne da ya faru da ni bara, ya kuwa dame ni ƙwarai, shi ya sa na ga gara in fayyace shi ko wani ya amfana.

Abokin zamana a ɗaki, wanda ke karatun kimiyyar kwamfuta, shi ya fara nuna mini wani wasa mai suna EVE Online. Wani kamfani ne na ƙasar Aisland, CCP, ya fito da shi a 2003, kuma dubban mutane daga ƙasashe daban-daban ke yinsa lokaci guda ta intanet. A cikinsa kowa matuƙin jirgin sararin samaniya ne. Wani ya zama ɗan kasuwa, wani mayaƙi, wani ɗan fashi. Ni kuwa, da yake ba ni son rigima, sai na zaɓi sana'ar haƙa. Yadda ake yi shi ne, mutum ya tuƙa jirginsa zuwa inda manyan duwatsu ke shawagi, ya auna ɗaya da wani haske mai ƙarfi, ma'adinin ya riƙa zuba cikin rumbun jirgi. In rumbu ya cika, ya koma tasha ya sayar. Dutsen da ya fi yawa sunansa Veldspar, daga gare shi ake tace wani ƙarfe, Tritanium, wanda ake ƙera jirage da shi.

Mai karatu ya sani cewa a zahiri abin bai kai haka sauƙi ba. Kumbon Amurka OSIRIS-REx ya tashi a 2016, bai iso da samfurin dutsen Bennu ba sai a 2023, kuma abin da ya kawo bai wuce giram 122 ba. Ni ko a wasa, kafin in gama shan shayi na cika rumbu.

Jirgina na farko ƙarami ne, ana ce masa Venture, kyauta na same shi bayan na gama ayyukan koyo. Yana da zafin nama, kama shi da wuya, amma abin da yake haƙowa bai taka kara ya karya ba. Na yi makonni ina fama da shi ina tara kuɗin wasan, waɗanda ake kira ISK. Kullum in na ga manyan jiragen haƙa sun zo sun lashe dutsen da nake lallaɓawa, sai raina ya biya. To, waɗannan manya ba a yarda mai wasan kyauta ya tuƙa su, sai wanda ya biya kuɗin wata. A nan ne shaiɗan ya sami ƙofa. Yayana ya aiko mini da kuɗin littattafai, na gutsura na biya.

Manyan jiragen haƙa na matakin farko guda uku ne, kowane da halinsa. Covetor ya fi kowa saurin haƙa, amma jikinsa kamar ƙwarya yake. Retriever shi ne mai babban rumbu, ba ya yawan zirga-zirga zuwa tasha. Procurer kuwa bai kai Covetor samu ba, sai dai sulkensa mai kauri ne, kafin a fasa shi an sha wuya. Abokina ya dube ni ya ce, "Malam, sayi Procurer. Masu wannan wasa suna da ƙa'ida, kada ka hau abin da in ya salwanta ba ka iya mayarwa." Na ce masa, "Haba, ai a yankin aminci nake, ga 'yan sanda." Na kwashe duk abin da na tara na sayi Covetor, ko kuɗin inshora ban rage ba.

Ashe ban fahimci aikin 'yan sandan ba. A wasan kowane yanki yana da makin tsaro, daga 1.0 zuwa 0.5 shi ne yankin aminci, inda rundunar CONCORD ke aiki. Amma ita ba ta hana laifi, hukunci kawai take yi bayan an aikata, kuma a yankin 0.5 ta fi jinkirin isowa. Ni kuwa can na tafi, don duwatsun can sun fi daraja.

Ran nan da dare, ana gobe za mu yi gwajin tsarin sauti, na kafa jirgi jikin dutse, na buɗe littafi ina bitar gaɓar kalma, wai ni mai jifan tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Ban ankara ba sai na ji ƙara. Ina ɗaga kai na ga ƙananan jiragen yaƙi uku, irin waɗanda ake kira Catalyst, sun yi mini ƙawanya. Kafin in kai hannu, jirgina ya tarwatse. Sannan ne 'yan sanda suka iso suka ragargaza su. Amma me aka yi? Jiragensu masu araha ne, sun kuma san za su rasa su tun kafin su taso. Ina ji ina gani wani abokinsu ya zo ya kwashe abin da ya rage a tarkacena. Ɗayansu har ya aiko mini da saƙo, wai in sayi takardar izinin haƙa a wurinsu don gaba.

A wannan wasa abin da ya fashe ya tafi ke nan, babu komawa baya. Daren nan barci ya ƙaurace mini, karatu kuma ya ƙi shiga. Da aka raba takardun gwaji, malaminmu ya kira ni gefe ya ce, "Kai kuwa lafiya? Ba haka na san ka ba." Na sunkuyar da kai, na rasa ta cewa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ranar da Yaya ya buga waya ya tambaye ni ko littattafan sun samu. Na yi shiru, can dai na faɗa masa gaskiya. Bai yi faɗa ba. Abin da ya ce kawai, "Ka tuna kakanmu bafatake ne. In zai sayi jaki, ƙafa yake dubawa kafin baya, don kayan da ba su isa gida ba ba riba ba ne." Wannan magana ta zauna mini. Lalle da na tsaya zaɓen jirgi, lissafin abin da zan samu kaɗai na yi, ban ko tuna da hanyar komawa gida ba. Haka kuma na yi da kuɗin littattafan.

Da wata ya ƙare ban sake biya ba. Na koma kan ɗan Venture ɗina, ranar Asabar kaɗai, in kuwa ina haƙa to idona na kan allo, littafi na rufe. Kuɗin da na gutsura, koyarwar yara na yi a lokacin hutu har na mayar, na sayi littattafan. Abokina har yanzu in ya so tsokana sai ya kira ni Sarkin Haƙa, ni kuwa in ce masa sarkin ya yi murabus.

Allah ya raba mu da kwaɗayi, amin.