Katin da Kowa Ya Zarga

A cikin kayan da ake haɗa kwamfutar gem da su, babu wanda ke shan zargi kamar katin hoto. Shi ya fi tsada, shi ke zana duk abin da ido ke gani a allo, don haka da hoto ya lalace sai a nuna shi da yatsa. Idan kuma na hannu ne, to an yanke masa hukunci tun kafin a saurare shi. Nawa na hannu ne, kuma a wajen abokina na saya, wanda muka yi makarantar allo tare. Abin da ya sa maganar ta yi mini nauyi ke nan.

Wata goma na yi ina tara kuɗin kayan. Firosesa, madabod, ram guda biyu masu gigabait 8 kowanne, akwatin wuta, duk sababbi ne a kwalinsu daga wani shago a nan Kano. Ni da ƙanena muka haɗa ranar Asabar, Windows ta shiga lafiya. Sai da muka yi kusan rabin awa a GTA V sannan abin ya fara. Bangon gini ya yi dabbare-dabbare da shunayya, hannun wani mutum ya miƙe kamar gora har sararin sama. A wasan ƙwallo kuma ciyawar fili ta riƙa fitar da baƙaƙen murabba'ai, wani lokaci gem ɗin ya rufe kansa.

"Yaya, an yi maka sakiyar da ba ruwa," in ji ƙanena. "Katin haƙar kirifto ne."

Maganarsa tana da tushe. A watan Satumba na 2022 Ethereum ta daina amfani da tsarin haƙa da katin hoto, sai katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana suka cika kasuwar kayan hannu. Wasunsu ƙwaƙwalwarsu ta gaji, kuma alamar gajiyar ita ce irin wannan dabbare-dabbare. Amma mayar wa abokina katin daidai yake da ce masa ya cuce ni. Ga shi kuma mai shago kwana bakwai ya ba ni na canjin kaya. Sai na ƙudurta ba zan kira kowa ba sai na bi kayan ɗaya bayan ɗaya, ina canza abu guda a kowane gwaji.

Gwajin farko kyauta ne. Da tabon ya bayyana na ɗauki hoton allo daga cikin kwamfutar, na tura wayata. Hoton allo yana kama abin da katin ya zana kafin ya bi kebul, saboda haka idan ya fito tsaf alhali ido na ganin tabo, laifin na kebul ɗin HDMI ne ko na allon. Nawa ya fito da tabonsa. Kebul da allo suka fita daga zargi, igiya ta ƙara matse katin.

Ƙanena ya ce mu kunna V-Sync. Na bar shi ya kunna, ko da yake wannan maganin wata cuta ce daban. Allo mai 60Hz yana sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa, idan katin bai daidaita da shi ba sai a ga hoto ya yage a kwance, sama da ƙasa ba su haɗu ba. Namu ba yagewa yake ba, ruɓewa yake.

Daga nan sai direba, wato manhajar da ke tsakanin Windows da katin. Na shiga Safe Mode, na share ta kakaf da DDU, na saka sabuwa, daga baya na gwada wadda ta girme ta. Duk ɗaya. Na koma kan zafi, tunda watan Afrilu ne kuma ɗakin kamar tanda. HWiNFO ta nuna katin bai wuce digiri 74 ba. Na ɗora masa FurMark, manhajar da ke gasa kati iya gasuwa, ya yi minti 40 babu ɗigo ko ɗaya. A nan ne na fara shakkar hukuncin da aka yanke masa.

Rana ta huɗu na cire katin na kai shi kwamfutar wani abokin aikina. Awa uku muna buga gem iri ɗaya, hoto garau. Na dawo gida da katin a jaka da tambaya a kai: idan mai zanen lafiyarsa ƙalau, wa ke ba shi gurɓataccen fenti?

Amsar tana cikin hanyar da hoto ke bi. Fatar bango da siffar hannun mutum suna ajiye a faifan kwamfuta, sai a ɗebo su zuwa ram, daga ram a miƙa wa katin. Idan lamba ɗaya ta juye a ram, katin ba shi da hanyar sani. Kamar tela ne da aka aiko wa awon da ba daidai ba, zai ɗinka abin da aka rubuta masa. FurMark kuwa ba ta cin ram sosai, shi ya sa ta wuce lafiya, gem ɗin da ke cika ram sannu a hankali shi ke isa wajen da ya lalace bayan rabin awa.

Na saka MemTest86 a filash, na tayar da kwamfutar da ita. Ba a jima ba jajayen layuka suka fara sauka. Na kashe XMP don ram ɗin ya sauko daga 3200 zuwa 2133, ko gudun ne ya yi masa yawa. Kurakuran suka ragu, amma ba su tafi ba. Sai na gwada su ɗaya-ɗaya a rami guda. Na farko ya gama zagaye huɗu babu kuskure. Na biyu bai kai minti goma ba ya yi ja, na canza masa rami don wanke madabod, ya sake yin ja.

Rana ta shida na isa shagon.

"Malam, sabo ne fa a ledarsa ka ɗauka," in ji mai shagon.

Na nuna masa hoton jajayen layukan, na ce mu gwada a gabansa in yana so. Ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙa hannu ya ɗauko wasu biyun. Shi ma ba cuta ya yi ba, kayan masana'anta kan zo da irin wannan jefi-jefi.

Sai bayan sati biyu na ba abokina labarin, muna shan shayi. Ya yi dariya, sannan ya ce, "Wallahi da ka dawo da shi da na ba ka kuɗinka, ba zan ce komai ba."

Na san gaskiya ya faɗa, kuma wannan ne ya fi tsaya mini a rai. Da ya biya kuɗin laifin da ba nasa ba ya yi shiru, ni kuma da na sayo wani katin na tarar da bangon yana nan da shunayyarsa, ga kwanakin mai shago sun ƙare.