Fulogi Mai Ƙafa Uku

Ghana ta gaji soket mai rami uku daga Ingila, amma kayan wutar da talaka ke iya saya ba duka daga can suke fitowa ba. A wancan zamani, kwantenonin da ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Tema suna zuwa da tsofaffin firiji da rediyo da dutsen guga daga Jamus da Holan, su kuwa fuloginsu ƙafa biyu ne zagayayyu. A wannan saɓani tsakanin bango da kaya kawuna ya sami abincinsa a unguwar Old Fadama da ke babban birnin ƙasar, ni ma a nan na ci nawa.

Na sauko daga Yendi a 2007, shekarar da aka canza kuɗi, sidi 10,000 ya koma sidi 1, ruwan madatsar Akosombo kuma ya ja baya har ana rabon wuta unguwa-unguwa. Kawu yana da rumfar katako kusa da kasuwar doya, inda yake cajin salula da gyaran kayan wuta. Yawancin masu kawo caji 'yan kayaye ne, 'yan matan Arewa masu dako a kasuwannin Agbogbloshie da Makola, waɗanda ke kwana su da yawa a ɗaki ɗaya. Kowace ta ba da wayarta sai in liƙa mata lamba, in ba ta guntun kwali mai irin lambar.

Aikina na farko ba cajin ba ne. Kawu yakan tura ni wurin masu fasa gwangwan a bakin kogin Odaw. Su jan ƙarfen cikin waya suke nema, don haka sukan sare kan fulogi su jefar gefe. Nakan tsinto na Ingila, masu nauyi, masu ƙafar tagulla, in cika leda da 'yan pesewa. Da la'asar mu zauna mu kwance su ɗaya bayan ɗaya, Kawu yana duba fiyus ɗin kowanne da batir da ɗan ƙwan tocila.

A nan ya koya mini abin da har yau nake ganin ya fi komai muhimmanci a sana'ar. Wannan fulogi, wanda aka fito da shi a Ingila a 1947, yana ɗauke da fiyus a cikinsa. Idan kaya ya ja wuta fiye da kima, ɗan siririn zaren cikin fiyus ɗin ne zai narke, wuta ta yanke kafin waya ta yi zafi. Mai lamba 13 na dutsen guga ne da abin dafa ruwa, mai lamba 3 na rediyo da fitila. Doguwar ƙafar sama ita ce mai sauke wutar da ta kauce zuwa ƙasa, kuma ita ke buɗe murfin da ke tsare sauran ramukan biyu don kada yaro ya zura ƙusa. Mutanenmu kuwa sun san dabarar kauce wa duk wannan: a cusa murfin biro a ramin sama, a tura mai ƙafa biyu da ƙarfi. Wani ma ba ya da fulogin sam, sai ya feƙe waya ya tura ta tsirara, ya tokare da tsinken ashana. Fiyus in ya ƙone, a naɗe shi da takardar azurfa ta kwalin taba.

Wata rana wani dattijo mai sayar da shayi ya kawo abin dafa ruwansa ya ce a naɗe masa kawai, ba shi da na sabo. Kawu ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, wannan ba zan yi ba. Bangonka katako ne, na maƙwabcinka katako ne, har bakin gada. Ga fiyus, in Allah ya hore ka kawo." Dattijon ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana." Ranar Juma'a ya aiko da kuɗin.

Duk lokacin da gobara ta tashi a unguwar, kuma takan tashi, musamman da hunturu, sai a ji a rediyo ana cewa sakacin 'yan Sodom da Gomora ne, sunan da mutanen gari suka laƙaba mana, wanda ba mu taɓa so ba. Sakacin yana nan, na gan shi da idona. Sai dai masu maganar ba sa faɗin sauran. Ƙidayar da mazauna suka yi da kansu a 2009 ta samu mutum kusan 80,000, da yawansu sun zo ne bayan rikicin Konkomba da Nanumba na 1994. Wurin da kullum ake cewa gobe za a tashe shi, wa zai kashe kuɗi ya ja masa waya mai kauri? Mita ɗaya sai ta ciyar da layi guda na ɗakuna, waya na bin saman kwano daga wannan zuwa wancan. A irin wannan wuri, ɗan fiyus ɗin nan shi kaɗai ne kariyar da ta rage.

Da dumso ta zo, wato zamanin yawan ɗauke wuta, muka koma hannun wani fulogin. A watan Agustan 2012 angar wani jirgin ruwa ta lalata bututun gas da ke zuwa daga Najeriya a gaɓar Togo, wuta ta fara ƙaranci, zuwa 2015 har ana ɗauke ta awa 24 a kawo ta awa 12. Kawu ya sayi ƙaramin janareta, ciniki ya buɗe, domin yanzu har masu mita suna layi a rumfarmu. Amma janareta ba ya tashi sai fuloginsa ya yarda. Da asuba nakan kwance shi, in tarar bakinsa ya yi baƙi da hayaƙi, in wanke da fetur, in goge da samfefa, in jingina shi jikin inji in ja igiya in ga ko zai ba da tartsatsi shuɗi. In ya ba da ja mai rauni, sai tafiya kasuwar Abossey Okai neman sabo.

Yanzu ina jin samarin unguwar Nima na kiran wanda ke samo musu waya mai araha ko hanyar aiki da wannan suna na fulogi, salon da suka ɗauko daga waƙoƙin Amurka. A zamaninmu maigida ake ce wa irin wannan mutum, kuma nauyin da ke kansa ya fi haka, don shi ke sauke baƙo, ya tsaya masa in an sami matsala.

Bayan ambaliya da gobarar gidan mai na unguwar Circle a ranar 3 ga Yunin 2015, inda mutum fiye da 150 suka rasu, aka shigo da motocin rusau gefen Odaw a cikin watan. Rumfarmu na cikin waɗanda suka tafi. Mun tsira da janareta da allon soket da buhun fulogi, muka ɗora su a kura zuwa Maamobi, inda wani aminin Kawu ya ba shi gefen shagonsa na aski.