Gonar Kyanwa a Cikin Kasko

Ni ɗan manomi ne, amma ban taɓa tsammanin wata rana zan yi wa kyanwa noma ba. Da wani ya faɗa mini haka shekara biyu da suka wuce, da dariya zan yi masa. Ga shi yau kasko biyu na alkama suna tsaye a bakin tagar ɗakinmu, ba kuwa domin alkaki ko funkaso ba. Bari in ba ku labarin yadda abin ya faru, wataƙila ya amfani wani gida.

Gidan malamai inda muke zaune yana bakin babbar hanya. Kyanwarmu ta fari mota ce ta take ta. Ta biyu kuwa ta ci ɓeran da ya riga ya ci guba a gidan maƙwabta, ta mutu a hannun autarmu. Yarinyar ta kwana uku ba ta cin abinci sosai. Saboda haka sa'ad da aka ba ta wata 'yar kyanwa mai launin toka, muka yi shawara cewa wannan ba za ta fita waje ba. Na sa wayar raga a tagogi da baranda. Muka sa mata suna Toka. Ta girma lafiya, ɓeraye kuma suka yi ƙaura daga ɗakin ajiya. Na ɗauka mun gama da wahala.

Amma akwai abin da ban lura da shi ba. Toka takan tauna bakin tsintsiya, takan ja zaren tabarma. Uwargida ta ce, "Malam, kyanwar nan akwai abin da take nema." Na ce ƙiriniya ce kawai. A ganina dabbar da ke cin nama da kifi me za ta yi da ganye?

Ran nan da yamma na dawo daga makaranta, na tarar da auta tana kuka a baranda. Ta ce, "Baba, Toka za ta mutu kamar waccan." Kyanwar tana kwance, miyau na zuba daga bakinta, ta yi amai sau biyu. Kusa da ita ga tukunyar kariya, itacen nan mai jan fure da uwargida ta dasa domin ado, an tattauna ganyensa. Na naɗe ta a tsumma, na hau babur zuwa wurin likitan dabbobi. Ya duba ta, ya yi mata allura, ya ce mun yi sa'a kaɗan ta haɗiya, gama ruwan kariya dafi ne mai taɓa zuciya. Sa'an nan ya tambaye ni, "Malam, kana ba ta ciyawa?" Na ce, "Ciyawa? Ai ba akuya ba ce." Ya yi murmushi ya ce, "Kyanwar da ke yawo takan nemi ciyawa da kanta. Wadda aka kulle kuwa, duk koren abin da ta gani shi za ta tauna." Kunya ta kama ni. Ni da nake koya wa yara ilimin halitta a aji, ban san abin da ke faruwa a ɗakina ba. Gaskiya ne, rashin sani ya fi dare duhu.

Daga baya na karanta abin da masana suka gano. A shekara ta 2019 waɗansu masu bincike na Jami'ar Kalifoniya da ke Debis, a Amurka, sun tambayi masu kyanwa fiye da 1,000. Kashi 71 cikin 100 na kyanwoyin an gan su suna cin tsiro aƙalla sau shida. Yawancinsu lafiyarsu ƙalau kafin su ci, kuma wajen ɗaya cikin huɗu ne kaɗai ke yawan amai bayan ci. Wato ba ciwo ne ke sa su ci ba, kamar yadda mutane da yawa ke zato. Masanan suna ganin hali ne da suka gada daga kakanninsu na daji, waɗanda ciyawa ke taimaka musu fitar da tsutsar ciki. Cikin kyanwa ba ya narkar da ciyawa, don haka takan wuce, ko kuwa ta dawo tare da gashin da kyanwar ta haɗiya wajen lasar jikinta.

Da na ƙudura zan shuka mata, saura kaɗan in sake yin wani kuskure. Na ɗebo dawa daga buhu, ina cewa hatsi ai hatsi ne. Tsohon maigadin makarantarmu, wanda ya yi kiwo tun yana yaro, ya gan ni. Ya ce, "Haba Malam, ba ka san gyauron dawa yana kashe saniya ba? Balle kyanwa?" Gaskiyarsa. Ɗanyen tsiron dawa yana da guba mai ƙarfi tun yana ƙarami. Na mai da dawata buhu, na gode masa.

Abin da ya dace shi ne alkama, ko sha'ir in an samu. Alkama ba ta da wuyar samu a kasuwa, tun da ana nomanta da rani a wurare kamar Kadawa da Haɗeja. Sai dai a sayi ta ci, wadda mata ke saya domin girki. Kada a sayi irin shuka da aka shafa wa magani, wanda sau da yawa za ku gan shi da launin ja.

Ga yadda nake yi. Nakan ɗebi rabin gwangwanin madara na alkama, in wanke, in jiƙa ta kwana ɗaya. In sami tsohon kasko ko kwano, in huda gindinsa domin ruwa ya riƙa fita. In cika shi da ƙasar lambu gauraye da yashi kaɗan, ba takin zamani, ba maganin ƙwari. In barbaɗa ƙwayar ta rufe fuskar ƙasar, in yayyafa ƙasa kaɗan a bisa. Nakan rufe da jiƙaƙƙen tsumma, in ajiye inda kyanwa ba za ta tona ba. Cikin kwana uku ko huɗu sai ka ga fararen kawuna sun leƙo. Sa'an nan in cire tsumman, in kai kaskon wurin haske, amma ba cikin zafin rana ba. Bayan kamar kwana goma ta kai tsawon inci huɗu, ta isa ci.

Karona na fari ban yi nasara ba. Na cika ba ta ruwa safe da yamma, ƙasar ta yi fumfuna, na zubar. Yanzu sai na taɓa ƙasa da yatsa, in ta fara bushewa kafin in yayyafa. Ciyawar takan yi mako biyu ko uku, sa'an nan ta yi rawaya. Shi ya sa nake da kasko biyu: ana cin ɗaya, ɗaya na tsirowa. Da hunturu ta fi kyau, gama alkama tana son sanyi. Da bazara takan yi saurin yaushi.

Ranar da muka ajiye wa Toka kasko na fari, dukanmu muka tsaya muna kallo. Ta sunsuna, ta karkata kai, ta shiga tsinka da gefen baki. Tun daga ranar ba ta ƙara taɓa tsintsiya ba. Kariya kuwa mun fitar da ita bayan gida. Aikin ban-ruwa yanzu na auta ne, kowace safiya kafin ta tafi makaranta, ba ta kuwa taɓa mantawa ba.

Ya ku iyaye masu kyanwa a ɗaka, ku dubi furannin da ke gidajenku tun yau. Ku kuma tuna ciyawa ba abinci ba ce, ba ta kuma maye gurbin maganin tsutsa. In kyanwa tana amai kowace rana, ko ta daina cin abinci, a kai ta wurin likita. Abin da ni na koya shi ne wannan: da na rufe ƙofa, na ɗauka na tsare ta daga mota da guba, ban tuna na raba ta da jeji ba. Wanda ya kulle dabba, duk abin da za ta samo wa kanta a waje ya zama bashi a wuyansa. Nawa bashin, rabin gwangwanin alkama ne yake biyansa.